Ƙofar da Ake Ɗagawa da Gwiwa

"Gida ɗaya ne ya rage," in ji Dogo, yana buga tebur da tafin hannu. "Gida ɗaya tak, kuma duk wanda ke ɗakin nan ya san na wace ce."

Babu wanda ya ɗaga kai ya dubi Malama, amma kowa na kallonta ta wutsiyar ido. Tana zaune a kujerar shugaba, a ƙarshen teburan 'yan makaranta da aka jera aka lulluɓe da ƙyalle, don har yanzu majalisar garin ba ta da ginin kanta. A ajin da yaƙi ya bar wa rufi ake zama. Kafin yaƙi ita ce shugabar wannan makaranta, shi ya sa ko da aka zaɓe ta shugabar majalisa sunan bai bi ta ba. Mutum zai shigo da "ranki ya daɗe, Shugaba", kafin ya gama kukansa ya koma "Malama".

Dogo kuwa kansila ne. Shi ya tsaya takara da ita, matan da suka yi zaman sansanin gudun hijira tare da ita suka yi masa kayen da har yau bai yafe wa mata ba, har da matarsa, da ake raɗe-raɗin ita ma Malama ta jefa wa ƙuri'a. Mutum ne mai son jin muryarsa. Abin haushin shi ne yau gaskiya ce a bakinsa.

Unguwar bakin tasha ce yaƙi ya fi cinyewa. Da aka dawo, majalisa ta yanke a share kangayen a gina asibitin haihuwa a wurin, a ba masu gidajen filaye a sabuwar unguwa. Malama ce da ƙafarta ta bi su tanti-tanti tana lallashi har kowa ya yarda. Katafila ta share komai, sai gida ɗaya da kullum ake ce wa direban ya dakata tukuna.

"Injiniya, faɗa musu abin da kika faɗa mini," in ji Dogo.

Injiniya, wata siririyar yarinya da ba ta rabuwa da hular kwano ko a cikin ɗaki, ta miƙe tana murza yatsu. "Ranki ya daɗe, katafilar ta aro ce. Jibi za su ɗauke ta zuwa wani gari. In ba a haƙa harsashi kafin ruwa ya sauka ba, sai baɗi. Masu ba da tallafin kuma sun ce akwai garuruwan da ke jira."

"Mutanen da ke dawowa da ƙofar gidan nan suke gane hanya," in ji Malama. "In sun sauka a tasha ba abin da suke ganewa sai ita."

"To a kafa allo mana!" in ji Dogo. "Ko ƙofar ce ke yi musu magana?"

Wasu suka yi dariya, wasu suka maida ita tari. Malama ta tattara takardun gabanta. Matar da ta taɓa tsayawa gaban mai bindiga a kan buhun hatsin marayu, yau ga ta ta kasa haɗa ido da Dogo.

"Zan je in gani," ta ce. "An tashi."

Ba ta shiga motar ofis ba. Ta ratsa ta kasuwa, inda rumfuna duk tamfol ne da aka ciro daga tantunan sansani, har yanzu da tambarin masu agaji a jikinsu. Mata na ta ɗaga mata hannu. Mai tumatir ta riƙo mayafinta a kan maganar famfon layinsu, mai gwanjo ta ce ɗanta ya ci jarrabawa, a taya ta murna. Malama ta amsa wa kowa da fara'ar da ta saba, bakinta na aiki, hankalinta na can gaba, don ta ji ƙugin bas tana shiga tasha.

Ba ta taɓa iya wuce bas mai sauke mutane ba. Ta tsaya a gindin turken lantarkin da ba waya a kansa, kamar mai gyara takalmi, tana duban masu saukowa. Tsohuwa da ƙullin kaya. Mata da miji da katifa a naɗe. Sai wani dogon saurayi ya sunkuyo ta ƙofar bas ɗin, gabanta ya faɗi ras. Ya juyo, ba shi ba ne. Kai, ko shi ne ma yaya za ta sani? Ɗanta Auta ya tafi ko gashin baki bai fara ba. Damina shida ke nan. Yanzu ƙila ya yi gemu, ƙila muryarsa ta buɗe irin ta babansa. Tana kewar fuskar da ba ta taɓa gani ba, wannan ne abin da ba ta iya gaya wa kowa.

Daga tasha zuwa gidan babu nisa. Da can sai ka bi ta gaban shagon mai faci, ka karya kwana a gidan mai injin niƙa. Yanzu fili ne fetal, jar ƙasa da sawun katafila, gidanta na tsaye a tsakiya kamar haƙori ɗaya a bakin tsohuwa. Ba rufi, bangon baya ya zube rabi. Ita kanta ba a nan take kwana ba, ɗaki ta kama a bayan makaranta. Amma kullum da yamma sai ta zo ta share bakin ƙofa.

Ƙofar ta ƙarfe ce, shuɗiya. Marigayi maigidanta, Allah ya jiƙansa, direba ne, amma mutum ne mai ganin babu sana'ar da ta gagare shi. Ranar da ya sayo ƙofar ta ce a kira mai walda, ya ce mai walda me ya fi shi, hannu uku gare shi? Ya kafa ta da kansa, ta karkace. Tun daga ranar gindinta ke cije dakali. Baƙo zai yi ta turawa har ya yi gumi, ba za ta motsa ba. 'Yan gida kaɗai suka san sai ka sa gwiwa a ƙarƙashin ƙarfen tsakiya ka ɗan ɗaga ta, sannan ka tura da kafaɗa. Sai ta yi wani dogon kuka, ƙiiii, ta bugi bango, garam.

Kowa da irin buɗewarsa. Maigidan a hankali, kamar mai ba ta haƙuri. Auta kuwa da gudu yake zuwa, gwiwa da kafaɗa lokaci guda, har kwanuka su amsa a kicin.

"Za ka karya mini ƙofa!" haka take ɗaga murya daga ciki.

"Umma, ƙofar ce za ta karya ni!"

Ranar da mayaƙa suka shigo gari, Auta ya fita ne ya kai kekensa wurin mai faci. Yana riƙe da keken ya waiwayo ya ce, "Yanzu zan dawo, kar ki sa sakata." Ba a jima ba harbi ya tashi ta wajen tasha. Maƙwabta ne suka fizge ta suka jefa a bayan mota tana kiran sunansa. Ba ta sa sakatar ba. Har yau ba ta sa ba.

Ta sa gwiwa, ta ɗaga, ta tura. Ƙiiii, garam.

"A hankali, 'yar nan, kar ki tashi matattu."

Goggo ce, ungozomar unguwa, zaune a tsakar gida a kan kifaffen bokiti, ta shigo ta inda bango ya zube. Ita ta karɓi haihuwar rabin garin, har da Auta, a ɗakin nan na hannun dama da yanzu sama ce rufinsa. A sansani tantinsu na jikin juna.

"Goggo, me kike yi a nan cikin rana?"

"Jiranki. Na san in Dogo ya gama haushinsa nan za ki zo." Ta nuna mata dakalin ɗaki. "Zauna. Yau ba shugaba nake nema ba."

Malama ta zauna.

"Kin san 'yar mai shayin tasha? Wadda aka yi wa aure bara?"

"Na ji ta haihu."

"Kin ji rabi. A bayan akori-kura ta haihu, a hanyar babban asibiti, ni ina riƙe da ita, mota na ta faɗawa ramuka. Yaron a karkace ya zo. Da akwai ɗaki da fitila da likita a nan bakin tasha, da yanzu ana ta rigimar wa ya yi kama da shi. Namiji ne, ƙato. Ni na naɗe shi a ɗankwalina." Goggo ta dubi tafin hannunta. "Uwar ta rayu da ƙyar. Jiya na je duba ta, ta juya mini baya."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ba zuwa na yi in ba ki haƙuri ba, haƙuri mun cinye shi tun a sansani. Tambaya na zo yi. Ke kika shigo tantina, kika durƙusa, kika ce Goggo ki ba da gidanki, 'ya'yan da ba a haifa ba ke roƙonki. A gidan nan na aurar da 'ya'yana, a nan na yi wa mijina takaba. Na ce Malama ba ta ƙarya, na ba da. Ina tsaye katafila ta bi ta kan ɗakina. To naki da zinariya aka gina shi?"

Malama ta buɗe baki za ta kawo maganar masu dawowa da gane hanya, sai ta ga idon Goggo. Wannan idon ya gan ta tana naƙuda, me za ta ɓoye masa?

"In ya dawo fa, Goggo?"

"Ya tambaya. Akwai wanda bai san ki ba a garin nan? Ko akuya ka tambaya za ta kai ka ofishin Malama."

"In ya dawo ba ya cikin hayyacinsa fa?" in ji Malama. "Kin ga yadda wasu ke dawowa. Ɗan mai injin niƙa da ya sauka bai san sunansa ba, bai san uwarsa ba. Amma ƙafarsa ta kawo shi har inda ƙofarsu take. Da ya tarar da fili ya zauna a ƙasa yana ta shafa wurin. Sa'a aka ci wata ta gane shi. Nawa in ya zo bai ga komai ba ya koma cikin bas fa? Wallahi Goggo ina cikin taro, ana maganar gada, ana maganar albashi, ni kunnena na nan. Kukan ƙofar nan nake jira. Na gaji da jira, kuma ban iya dainawa ba."

Hawaye suka zubo, ba ta share ba. Goggo ba ta ce mata ta yi shiru ba. Ta dai matso da bokitinta, ta ɗora hannu a gwiwarta.

"Ban ce ya mutu ba," in ji tsohuwar can. "Bakina ba zai faɗa ba. Ni na fara jin kukansa a duniya. Amma akwai mata masu ciki a layinmu kaɗai da yatsun hannuna ba za su ƙirga ba, kuma ba za su jira baɗi ba."

A waje aka ji ƙugin katafila, da hayaniyar mutane. Malama ta goge fuska da gefen mayafi, ta fito. Ashe labari ya zaga cewa Shugaba ta tafi gidan. 'Yan kasuwa, leburori, 'yan tasha, duk sun yi cirko-cirko a gefen fili. Dogo na gaba, hannu a baya. Injiniya ta taho da sauri, takardar zane a naɗe a hammata.

"'Yata," in ji Malama, "ƙofar asibitin ina za ta kalla?"

"Tasha, ranki ya daɗe."

"A ina za ta tsaya? Nuna mini da ƙafarki."

Injiniya ta buɗe zanen, ta dubi turakun da aka kafa, ta yi 'yan taku, ta tsaya. Tsakaninta da shuɗiyar ƙofar bai fi tsawon tabarma ba.

"Matso da ita nan."

"Ranki ya daɗe?"

"Ƙofar masu shiga da ƙafa. Zanenki zai lalace in ta matso nan?"

Yarinyar ta dubi zanen, ta dubi ƙofar, ta dubi jajayen idanun Malama. "Ba zai lalace ba. Yau ma za mu kewaye filin da kwano. Sai a kafa ta a jikin shingen, in an yi katanga a bar ta a wurin."

"To a bar ƙofar inda take. Sauran a rushe."

Ta koma ciki ta ɗauko tsintsiyarta, abin da ya rage mata a gidan ke nan, ta riƙo hannun Goggo suka fito. Direban katafila ya leƙo yana jiran a sake ce masa ya dakata. Malama ta ɗaga hannu da kanta, ta sauke.

Bangon ɗakin Auta ne ya fara tafiya. Ba ta kau da kai ba, don ta san ana kallonta, kuma matan da ke wurin duk sun tsaya sun ga rushewar nasu. Wata daga baya ta fara guɗa, wata ta ce mata ke rufe mana baki. Da ƙura ta lafa sai ga Dogo a gefenta, ya cire hula yana juya ta a hannu.

"Malama," ya ce, ya yi gyaran murya. "Allah ya dawo miki da shi."

"Amin. Mu koma, akwai maganar famfo."

Haka ta wuni. Ta raba rigimar layi biyu a kan famfo ɗaya. Ta saurari malaman makaranta a kan rufin azuzuwa. Ta karɓi baƙi daga babban birni, masu kiranta abin koyi ga matan ƙasa, ta yi murmushi aka ɗauki hoto. Wani daga cikinsu ya tambaye ta daga ina take samun ƙarfin zuciya, ta ce daga matan garin nan, ya rubuta. Tsintsiyar na jingine a bayan kujerarta.

Bayan la'asar ta ɗauke ta ta koma. Daga tasha ta hango shingen kwano yana ƙyalli, ya zagaye filin, a tsakiyarsa ga shuɗiyar ƙofa tsaye, a daidai inda take tun ranar da maigidanta ya kafa ta. Zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Ta gyara jaka a kafaɗa, ta sa gwiwa, ta ɗaga, ta tura.

Ƙofar ta tafi fuu ba ko ƙara. Malama ta bi ta da ka, saura kaɗan ta kifa, maigadin da aka ajiye a wurin ya taro ta.

"Subhanallahi! Sannu, ranki ya daɗe!"

"Wa ya taɓa ƙofar nan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe!" Mai walda ne ya taso daga gindin janareto, baƙin gilashi a goshi, baki har kunne. "Da muka zo ɗaure ta da shinge na ga tana cijewa. Na ce haba, ƙofar Shugaba guda? Na yanke hinjin, na daidaita ta, na sa mata mai. Kyauta na yi, don Allah. Yanzu ko mai naƙuda da ɗan yatsa za ta tura. Ai wanda ya fara kafa ta, gaskiya, bai san aikin ba."

"Mijina ne."

Murmushin ya daskare a fuskarsa. "Allah ya jiƙansa," ya ce da sauri. "Amma fentin, ranki ya daɗe, fentin ya iya."

Malama ta ja ƙofar ta rufe, ta tura ta buɗe. Ta sake. Shiru, sumul, kamar ƙofar banki. Gidan da aka rushe a gabanta bai yi mata ciwon wannan ba. Shekara da shekaru kukan nan take jira, a barci da a farke, ga shi wani bawan Allah ya share shi da man inji, don ya faranta mata. Ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta shafa wurin ita ma.

Wata lebura ta taho daga waje da kwanon yashi a ka, ciki ya fara turo rigarta. Ta ce gafara, ta taɓa ƙofar da gwiwar hannu, ta wuce abinta. A can ciki katafila ta fara haƙa, Injiniya na tsaye a bakin ramin tana nuni.

"In mayar da ita yadda take?" in ji mai walda a sanyaye.

Malama ta bi leburar da kallo har ta sauke yashin. "Bar ta. Na gode."

Ta sunkuya za ta kakkaɓe zaninta, sai ta ga tabon man inji a daidai gwiwarta, inda ta ɗaga ƙofar da ba ta bukatar ɗagawa. Ta daɗe tana kallon tabon. Sannan ta miƙe ta juya wurin maigadin, dattijo ne mai furfura, sanda a hannu.

"Baba, kai ne a nan kullum?"

"Dare da rana, ranki ya daɗe, ni da ƙanena."

"To ka ji, ka kuma faɗa wa ƙanenka. Mutane za su yi ta shiga ta ƙofar nan, kowa tura ta zai yi. In ka ga wani ya zo, dogo, ya sa gwiwa ya ɗaga ta kafin ya tura, kar ka tambaye shi sunansa, ƙila ba zai sani ba. Ka zaunar da shi, ka ba shi ruwa, ka aiko a kira ni. Ko ina cikin taro ne."

"In sha Allahu. Da dare in sa sakata?"

"A'a," in ji Malama. "Kar ka sa."

Ta jingina jakarta da shingen, ta sunkuya ta fara share bakin ƙofa.